Abin da Tsohon Mai Zane Ya Gani a Wayar Jikarsa

Shekara ashirin da biyu na yi a masaƙar Kakuri
ina zana ganye da tsuntsu a jikin atamfa,
har ranar da aka sa wa ƙofa kwaɗo,
ciyawa ta gaje injuna.
In na yi magana a kan zane,
ba shaci-faɗi ba ne, sana'a ce.

Jikata Barira ce ta jawo ni.
Daren Laraba, an ɗauke wuta a Unguwar Sanusi,
ta jingina wayarta da gwangwanin madara,
ta ce, "Kaka, zo ka ga zanen Japan."
Katun? Da furfurata?
Na zauna don in yi mata dariya,
shayina ya huce ban sani ba.

Wanda ya zana ruwan saman nan ya san ruwa.
Ya taɓa tsayawa a kan gada irin tamu
ya ga yadda ɗigo ke huda fuskar kogi.
Tururin shinkafa, inuwar tsumma a kan igiya,
jirgin ƙasa ya wuce, yaro shi kaɗai a tasha,
sai na ji kukan jirgin Rigasa a ƙirjina.
Sun iya shiru.
Sukan bar fuska ta daɗe ba magana
har kai ka cika abin da aka ƙi faɗa.

Kuma mugunsu yana da uwa.
Kafin a kayar da shi sai a nuna maka
yaron da aka manta a bakin ƙofa,
ka rasa wa za ka yi wa addu'a.

Amma Barira, tsakani da Allah,
naushi ɗaya kwana huɗu?
An ɗaga hannu ran Litinin,
ana ihu, ana tuna baya, ana yi wa kai kirari,
sai Alhamis zai sauka!
Ko shari'ar gado a Magajin Gari
ta fi wannan sauri.

Ido kamar faifai, hanci ƙwayar gero,
gashi shuɗi a tsaye kamar ƙayar bushiya.
'Yan matan kuwa an yi musu rowar yadi.
Ni da na ci abinci da yadi,
nakan sa tafi in rufe rabin allon.

Wanda muka yi wa kuka jiya
yau ya tashi garau, babu ko tabo.
Mutuwar da ba ta da zaman makoki wasa ce;
tambayi wanda ya raka abokan aikinsa
ɗaya bayan ɗaya maƙabartar Tudun Wada.

Na jira in ga mai launin fatata.
Sai a kashi na arba'in ya leƙo,
da leɓen da alƙalami ya yi wa mugunta.
Na yi shiru. Ita ma ta yi shiru.

Data na ƙarewa kamar kananzir,
labari ya ƙi ƙarewa.
Kuɗin gorona ya koma kati.

Shekaranjiya na tsinci littafin lissafinta.
A shafin baya ga Ɗanjuma mai shayin bakin layi,
ga butarsa, ga tururi, har da ƙudan kan burodi,
sai dai idanun sun cinye rabin fuska.
Na ce, "Rage idon.
Bai taɓa buɗe su haka ba
sai ranar da sukari ya ƙara kuɗi.
Kuma yatsu biyar ne, ki daina ɓoye su a aljihu."

Na buɗe akwatin da ban taɓa ba tun rufe masaƙa,
burushin ya bushe, hannuna na rawa.
Na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu.

To, sa wayar a caji kafin su sake ɗaukewa.
Ba wai ya dame ni ba ne.
Ina so kawai in ga ko naushin nan ya sauka.